Bakin saksofon da aka wanke da ruwan shayi: nazarin wani lamari a Damagaram

A tsakiyar hunturun bara, wata Laraba bayan la'asar, wani saurayi ɗan unguwar Birni ya yi sallama a ƙofar gidana da akwatin saksofon ɗaure a bayan moto. Shekarunsa ba su wuce 19 ba. Kawunsa ne ya turo shi, abokina da muka daɗe muna badujala tare, shi yana busa saksofon alto, ni ina busa kilarinet. Da haƙoran gaba suka fara yi masa gardama sai ya ajiye busa, ya miƙa wa ɗan ƙanwarsa kayan.

"Baba, abin nan ya mutu," in ji yaron tun bai gama kwance igiya ba. "Kawu ya ce in kawo ka duba kafin mu ba direba ya kai Kano."

Kukansa uku ne. Saksofon yana tsuwa kamar ɗan tsako, musamman in ya haura sama. Muryoyin ƙasa, daga re zuwa si bemol (sunayen muryoyi ne a tsarin do-re-mi), ba sa fita sai da kokawa. Sannan in ya yi minti goma yana busa leɓensa na ƙasa ya fara zafi, har akwai shaidar haƙori a ciki. Watansa takwas da fara koyo, shi kaɗai, daga bidiyon YouTube a waya.

Na ga ya dace in rubuta wannan lamari dalla-dalla saboda halin da muke ciki. Duk mai saksofon ko kilarinet a Damagaram, in kayansa ya samu matsala, tunaninsa na farko Kano ne, kimanin kilomita 240, ko Yamai, wajen kilomita 900. Kuɗin mota, kuɗin gyara, da makonnin jira. Alhali sau da yawa ciwon yana cikin wani abu da bai kai tsawon tafin hannu ba, wanda mu masu busa muke kira bek, wato bakin da ake sa wa a baka.

Inda sauti ke fitowa

Adolphe Sax, ɗan Beljiyam da ya yi rajistar saksofon a Paris a 1846, daga kilarinet ya ɗauko tsarin bakin, kilarinet kuwa ana danganta shi da Johann Christoph Denner na Nuremberg a Jamus, wajen shekarar 1700. Tsarin ɗaya ne har gobe. Bek yana da shimfiɗaɗɗen wuri a ƙasansa, teburi, inda ake kwantar da ansh, siririn harshen kara da ake fiƙewa daga wani irin kara mai kama da gora da ake nomawa a yankin Var na kudancin Faransa. Ligatir, wani zobe da ake matsewa, shi ne ke ɗaure su tare. Daga teburi, gyaffa biyu sirara suna lanƙwasa a hankali suna rabuwa da ansh har zuwa tsini, su bar ƴar tazara. A wannan tazarar ake haihuwar sauti. In muryar da ta fito ita ce la ta tsakiyar piyano, ansh yana rufewa yana buɗewa sau 440 a daƙiƙa ɗaya. Duk sauran jikin, tagulla da maɓallai da ƙararrawa, suna sarrafa abin da aka haifa a can ne.

To ka ga in gefe ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa da kaurin takarda kawai, ansh ba zai rufe daidai ba. Iska ta zurare, ansh ya karkace yana rawa, tsuwa ta fito.

Binciken

Ban fara da bek ɗinsa ba. Na ɗauko nawa, Yamaha 4C da nake koyar da yara da shi, na sa sabon ansh mai lamba 2½ (lambar taurinsa take nunawa), na ɗora a wuyan saksofon ɗinsa. Na sauka daga sol har si bemol na ƙasa a hankali, da ƙaramar murya. Duk suka fito. Maɓallin sol diyez ne kaɗai ke mannewa kafin ya ɗaga, na zura takarda mai tsabta ƙarƙashin fatar maɓallin na ja sau uku, ta fito da danƙo mai ruwan ƙasa. Sukari ne. Muka shiga ɗaki, na zura ƴar fitila cikin jikin na rufe maɓallai, ban ga haske yana leƙowa ta ko'ina ba. Kawunsa ya riƙe kayan nan da amana.

Na miƙa masa, na ce ya busa da bek ɗina bayan na wanke na canza ansh. Ya busa do na ƙasa, ya fita tas. Ya cire daga baki yana kallon abin kamar ba nasa ba.

Sai na ce ya fito da nasa. Ashe biyu ne. Na farko na kawunsa ne, Selmer S80 C*, wanda ɗaliban saksofon a duniya suka daɗe suna koyo da shi, tazararsa milimita 1.70. Na san bek ɗin nan, na sha ganinsa baƙi ƙirin yana sheƙi. Abin da yaron ya ɗora mini a hannu kore-kore ne mai ratsin ruwan ƙasa, kamar busasshiyar kuka, ba sheƙi ko kaɗan, kuma da na kai shi hanci sai ga warin baragurbi. Ansh yana ɗaure a jikinsa, da na kwance sai da na ɓamɓare shi, ya bar farin ɓawo a teburin. Bakin ansh ɗin ya yi tudu da kwari kamar kwanon rufi.

Na yi masa gwaji biyu waɗanda kowa zai iya yi a gida. Na farko, na ɗaura jiƙaƙƙen sabon ansh, na toshe gindin bek da tafin hannu, na zuƙe iskar ciki na saki. Bek mai lafiya yana riƙe ansh a manne na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ya sake shi da ƙara, ɗas. Wannan bai riƙe ko ƙiftawar ido ba. Na biyu, na kifa teburin a kan ɓallin gilashi, na ɗauko ma'aunin nan na bakanike mai siraran ƙarafa da ake gwada tazarar buji da shi, na zura mai 0.05 tsakanin gilashi da bek. Kamata ya yi ya tsaya a miƙe, gyaffan biyu su tare shi a wuri ɗaya. Ya tsaya a karkace, hagu ya bar shi ya wuce dama da kusan milimita 3. Da na ɗaga bek ɗin sama ina dubawa da hasken rana, tsinin ma ya cika da zane-zane, kusurwar hagu ta ɗan cinye.

"Ɗana, da me kake wanke shi?"

Ya ba ni labari ba ɓoye-ɓoye, don a ganinsa tsabta yake yi. A fadarsu, wato majalisar samari, yake atisaye da dare, ana dafa shayi. In an gama, sai ya tsiyaya ragowar ruwan zafin buta a cikin bek don ya kashe ƙwayoyin cuta. Da ya ga launi ya fara juyawa, sai ya ɗauka datti ne, ya sa omo da soson ƙarfe ya dirje, wata rana har da toka. Ya shanya shi a kan katanga ya bushe a rana. Garin neman gira aka rasa ido.

Abin da bai sani ba shi ne wannan baƙin abu ba filastik ba ne. Ebonit ne, roba da aka dafa da farar wuta mai yawa, wajen kashi 30 cikin ɗari, har ta yi tauri kamar ƙaho. Zafi da hasken rana suna jawo farar wutar ta taso fuska, shi ne koren launin da warin. Wannan kaɗai muni ne, ba ya hana busa, akwai tsofaffin bek da suka yi kore kuma suna aiki lafiya. Ɓarnar ta gaske ita ce ebonit yana fara laushi tun wajen digiri 70 zuwa 80, kafin ruwa ya tafasa. Ana zuba masa ruwan buta kowane dare, a mayar da ligatir a matse, sai teburi ya yi ta gocewa kaɗan-kaɗan. Soson ƙarfe kuma ya cinye gyaffan da aka goge a masana'anta da awon da ido ba ya gani.

Bek na biyu

Da na kawu ya fara tsuwa, yaron ya tara kuɗin aikin da yake yi a shagon gyaran waya, ya yi odar wani ta intanet daga wani mai sayarwa. Na ƙarfe, mai ruwan zinariya, ba sunan masana'anta a jiki sai lamba 8. Ya ga masu busa a bidiyo da irinsa. Ya haɗa shi da ansh mai lamba 3, don an ce masa ƙwararru da mai tauri suke busa.

Na auna tazarar, ta kusa milimita 2.3. Wannan ne ya yanka masa leɓe. Ƙa'idar ba ta da wuya: in tazara ta yi faɗi, ansh mai laushi ake sa mata, in ta yi ƙunci, mai ɗan tauri. Ya haɗa faɗi da tauri, bakinsa kuma bai yi ƙwarin da zai tanƙwara ansh ɗin da tsokar leɓe ba, dole ya ciza da haƙori. Mai cizo ba ya samun muryoyin ƙasa, na sama kuma su haura fiye da inda ya kamata. Na lura yana kumbura kumatu yana neman ƙarfi, kamar masu algaitar fada. Su da dalilinsu, karan algaita biyu ne, yana shiga baki gaba ɗaya, leɓɓa na jingine da faifai, kumatu kuma su ne rumbun iskar da ke sa sauti ba ya yankewa. A saksofon da kilarinet leɓe ne ke riƙe da ansh, in kumatu suka saki, riƙon ya tafi.

Lambar da ke jikin bek ma, wadda ke nuna faɗin tazara, tana ruɗin mutane. Kowace masana'anta da nata lissafi, 5 na wannan ba 5 na waccan ba ne, Selmer kuwa a kan S80 haruffa take sawa. Milimita ce kaɗai ba ta ƙarya. Haka zancen cewa ƙarfe ya fi amo. Abin da ke sa sauti ya yi kaifi shi ne siffar ciki, musamman ganɗar bek, rufin da ke fuskantar ansh. In ganɗar ta matso kusa da ansh, iska ta yi sauri, sauti ya yi tsini. In ta yi zurfi kuma cikin ya yi faɗi, sauti ya yi duhu da kauri. Ana samun duka biyun a ebonit, ana samunsu a ƙarfe. Na wannan yaron ganɗar ta taso sosai, kuma gogewar ba ta yi daidai ba. Ruwan zinariyar har ya fara ɓarewa inda haƙora ke zama, jar tagulla ta leƙo. Ba na son yaro ya riƙa tsotsar ƙarfen da ba wanda ya san haɗinsa, don wasu nau'o'in tagulla akwai dalma a cikinsu. Araha ba ta ado.

Shawarar da muka yanke

Washegari kawun ya zo da kansa. Ya ɗauki tsohon bek ɗinsa yana jujjuyawa, ya daɗe bai ce komai ba.

"Malam, laifina ne," ya ce. "Na ba shi akwati, ban ba shi abin da ke kaina ba."

Na daɗe ina tunanin maganar nan. Ɗan mai algaita yana tashi ne yana ganin yadda ubansa ke zaɓar kara, yadda yake fiƙe shi, inda yake ajiye shi. Sana'ar tana zuwa masa da kulawarta. Mu kuwa kayanmu na ƙetare ne, an ƙera su don ƙasashen da ba su san zafin watan Afrilu na digiri 40 da ɗoriya ba, ba su san ƙurar hunturu ba, kuma bidiyon da yaranmu ke kallo ba ya gaya musu abin da za su yi da bek a ɗakin kwano. Ilimin yana kan ƴan tsirarun tsofaffi da suka yi badujala, kuma muna ƙarewa.

Hanyoyi huɗu ne a gabanmu. A ci gaba da na ƙarfe da ansh mai laushi, wanda na ƙi nan take saboda gogewarsa da ɓarewar ruwansa. A aika tsohon Selmer wa mai gyaran teburi da gyaffa, aiki ne da ake yi da gilashi da takardar gurza mai laushi da ma'aunai, yana dawo da bek kamar sabo in hannun ya ƙware, amma ba aikin da za a gwada a tsakar gida ba ne. A sayi sabon na ebonit, irin na kawun ko Vandoren AL3 mai tazarar 1.52. Ko a sayi Yamaha 4C.

Na ba da shawarar 4C, ga kuma dalilaina. Tazararsa 1.60, tana tafiya da ansh 2½ ko 3, waɗanda su ne aka fi samu in an yi saƙo. Da wani irin filastik mai tauri ake yinsa, ba ya kore, ya fi ebonit jure rana, ko da yake shi ma ba a zuba masa ruwan zafi. Kuɗinsa ba ya kai rabin na sauran, abin da ya ragu ya sayi kwalin ansh mai guda 10. A ganina mai koyo a garin nan, bek matsakaici da ansh masu kyau da yawa sun fi masa bek mai tsada da ansh ɗaya da yake ta lallaɓawa wata biyu.

Yaron bai ji daɗi ba, kuma ya faɗa. "Baba, a wajen biki wa zai ji ni da wannan, ga ganguna ga lasifika?" Tambayar tana da ma'ana, don burinsa ke nan, ya shiga ƴan kiɗan aure da suna. Na ce masa a biki makirfo ne ke ɗaga murya, kuma ƙarfin sauti daga ciki da haƙarƙari yake zuwa. In ya shekara ɗaya ko biyu yana dogayen muryoyi, sai mu duba mai ɗan faɗi irin Meyer 5, wanda masu alto da yawa a jaz suke so. Ranar kuwa ba sunan masana'anta za mu duba ba. Bek uku a kalla, ansh iri ɗaya, manhajar daidaita murya a waya, ya busa si bemol na ƙasa da ƙaramar murya, ya tsallaka daga re na ƙasa zuwa na sama, ni kuma in koma can bakin zaure in saurara, don abin da mai busa ke ji ta ƙashin kansa daban ne da abin da ke isa kunnen jama'a.

Kulawa irin ta nan

Na zaunar da shi na nuna masa da hannu. Kafin busa ya kurkure baki, musamman bayan shayi ko goro. Bayan busa ya kwance ansh, ya share shi da yatsa daga gindi zuwa tsini, ya kwantar a kan wuri mai santsi. Ya share cikin bek da ƙyalle mai laushi ba tare da ya goga tsinin ba. Sau ɗaya a mako ya wanke da ɗigon sabulu mai sauƙi da ruwan randa. Na nanata randa, domin a Damagaram ruwan jarka da ya wuni a rana, ko na famfo in ya zo da tsakar rana, yana iya yin zafin da zai juya launin ebonit. Mun san tsadar ruwa a garin nan, amma wannan wankin kofin shayi biyu ya ishe shi. Farin ɓawon da miyau ke bari kuwa, auduga da aka jiƙa da binegar da aka sirka da ruwa, a ɗora minti kaɗan, a share, a ɗauraye. Ba farce, ba wuƙa, ba man goge haƙori, don shi ma yana gurza.

Hula kullum in ba a baki yake ba, ko da tashi zai yi ya amsa sallama. Yawancin tsinin da na gani sun ɓalle, daga cinya suka faɗo ko suka bugi kujera. A saman bek ya manna ƴar robar nan da ke kare shi daga haƙori. Akwati kuma kada ya kwana kusa da kwanon rufi, kada ya wuni a bayan moto.

Ansh a hunturu shi ne ya fi ba mu wahala. Yana jiƙewa a baki, ya bushe ƙaƙas cikin mintuna, wannan jiƙa da bushewa ne ke lanƙwasa shi. Na ba shi dabarar da muke yi: guda huɗu a riƙa juyawa, a sa musu lamba da fensir, a ajiye a leda mai zif tare da ɗan guntun soso mai danshi kaɗan da ba ya taɓa su, a jiƙa minti ɗaya ko biyu kafin busa. Da damina ta sauka a cire soson, in ba haka ba su yi baƙin fumfuna. Akwai na roba irin na Légère da ake yi a Kanada, ba ruwansu da bushewa, guda ɗaya yana watanni, ga wanda ya samu hali yana da amfani a nan ƙwarai.

Duk wannan ya shafi kilarinet, har ya fi. Tazararsa ta fi ƙanƙanta, Vandoren 5RV milimita 1.065 ne, B45 kuma 1.195, don haka gocewa kaɗan ta isa ta lalata shi. Kuma liyej, ɓawon itacen da ke riƙe mahaɗa, a jikin bek ɗin kilarinet yake, saɓanin saksofon da nasa ke kan wuya, saboda haka in ana wanki kada a tsoma gindin a ruwa, kuma a riƙa shafa masa mansa. Inda yara ke karɓa-karɓa da kayan busa ɗaya, a bar su su yi tarayya a jikin, amma kowa da bek ɗinsa da ansh ɗinsa. Mura da ƙurajen baki ta nan suke zagayawa.

Bayan wata uku

Na ara masa 4C ɗina har nasa ya iso ta hannun wani ɗan'uwansu da ya dawo daga Yamai, mako biyar bayan haka. Tsuwa ta tafi tun ranar farko. Cizon bai tafi da sauri ba, don ya riga ya zama ɗabi'a. Na sa shi busa bek da wuya kaɗai minti biyar kullum, yana neman la bemol a manhaja. Makon farko kullum yana sama da ita. Sai a mako na shida ya fara riƙe ta daƙiƙa goma ba ta motsa ba, ciwon leɓen kuma ya warke. Har yanzu in ya gaji kumatun suna kumbura, kuma re na tsakiya yana haura masa. Da bazara ta shigo ya zo yana cewa duk muryoyinsa sun tashi, na nuna masa cewa zafi ne ke ɗaga muryar kayan busa, ya ɗan zaro bek daga kan liyej, ya sa alama da biro.

Na ƙarfen yana cikin aljihun akwati, ya ce ba zai sayar wa wani ba tunda ya san abin da ke cikinsa. Wani baduku a Birni ya ɗinka masa ƴar jakar fata da aka yi wa shafi da ƙyalle, a ciki sabon ke kwana. Tsohon Selmer kuwa kawun ya karɓe abinsa. Ya naɗe shi a farin ƙyalle ya sa a ƙasan adaka, yana jiran wani ɗan abokinmu da ke karatu a Faransa ya zo hutu ya tafi da shi wajen mai gyara.